Hannun da Ya Ƙi Isa Baki

Ga ta nan tafe gare ku. Ku gyara zama, mai magana a baki ya haɗiye ta tukuna. Wannan ba ta dawa ba ce, ba ta aljannu ba. A gidana anka yi ta, kuma da hannuna a ciki.

Maigidana masunci ne ɗan masunci. A Argungu anka haife shi, a bakin gulbi ya yi wayo. Tun kafin a kai ni ɗakinsa yake jifar birgi. Birgi taru ne mai dalma a baki. A kan tattara shi a hannu, a murɗa jiki, a watsa shi ya buɗe bisa ruwa kamar faifai, kuma duk nauyinsa a gwiwar hannun dama yake sauka. In ruwa ya cika, ga tura jirgi da gwangwala. In ya janye, ga fartanya a fadamar shinkafa. Shi ya kamo, ni in yi banda. Da haka munka yi renon 'ya'yanmu har munka aurar da su.

Ciwon bai yi sallama ba. Da ƙara ya fara. In ya miƙa hannu zai ɗauki buta sai in ji ƙaras-ƙaras, kamar an tauna tsakuwa cikin shinkafa. In ce, "Malam, mi ke kuka haka?" Ya ce, "Tsufa ne ke gaishe ki." Daga nan hannun ya daina miƙewa sosai, ya zauna a ɗan lanƙwashe kamar lauje. Wannan bai dame shi ba, tunda birgi na tashi. Wani lokaci yana cikin jifa sai gwiwar ta sarƙe, ta ƙi gaba ta ƙi baya, sai ya girgiza ta ya ji wani abu ya goce a ciki, sannan ta saki. Na gasa da ruwan zafi, na murza man kaɗanya, wanzami ya zo ya yi ƙaho. Sauƙin kwana biyu, sai a koma gidan jiya.

Hankalinmu bai tashi ba sai da hannun ya fara ƙin naɗewa.

A unguwarmu maza ba su cin tuwo a ɗaka. In an sallame Magariba kowane gida ya fitar da kwanonsa ƙofar zaure, a shimfiɗa tabarma, a haɗu a ci tare. Wanda anka daina gani a wurin ciyayya, to ko ya yi tafiya, ko ya kwanta, ko an yi faɗa da shi. Maigida ya fi shekara talatin bai fasa ba. Da hannun ya fara gajarta, sai ya koyi dabara: ya ɗebo loma, ya ɗaga iyakar inda za ta kai, sannan ya sunkuyo da kai ya tarye ta. Ni ban sani ba, ban ganin cinsa. Sai wata rana ina bayan katanga ina kwashe kifi daga banda, na ji muryar taubashinsa, ɗan ƙanwar babansa, wanda suke wasa tun suna tsirara.

"Kai masunci, tuwon kake yi wa ruku'u? Ko liman ya ta da salla ba mu ji ba?"

Anka yi dariya. Shi ma na ji tasa a ciki. Ya ce, "Ci naka, mai bakin tarwaɗa." Amma washegari da na zuba tuwo, ya ce, "Nawa ki kai mini ɗaka."

Yana da ƙane da ke noman shinkafa a wajen Gulma, mutum mai zafin nama, mai son yayansa kamar ransa. Da labari ya kai mishi, sai ga shi da mai ɗori. Ba zan ci naman mai ɗorin nan ba. Ƙafafu nawa ya haɗa a ƙasarmu, masu su na tafiya har yau. Ya lalubi gwiwar, ya ji ƙarar, ya ce gaɓa ce ta goce, ta daɗe a goce, nama ya bi ta kai. Maza biyu, har da ƙanen, sunka riƙe maigida, mai ɗori ya ja hannun har na ji ƙarar daga madafa. Maigida bai yi kuka ba, gumi kawai ya jiƙa mishi riga. Anka jera kara, anka naɗe da tsumma a miƙe, mai ɗori ya ce, "Ɗori ba ya son motsi. Kada a kwance sai na dawo."

Wata ya tsaya, ya cika, ya ragu, hannu na ɗaure. Ranar da anka kwance, duk muna tsaye. Hannun ya rame, fata ta yi fari. Ƙanen ya ce, "Yaya, naɗe mu gani." Ya naɗe. Hannun ya taso, ya taso, ya tsaya daidai ƙirji. Ya cije leɓe, ya sunkuyo da kai iyakar wuyansa. Tsakanin yatsunsa da bakinsa akwai fili ya fi tsawon tafin hannu. Da, in ya sunkuya yana kaiwa. Yanzu ko da sunkuyon babu.

Mai ɗori ya ce a ci gaba da gashi, zai saki. Bai saki ba.

To, ku da ke saurare za ku ce, ba ga hagu ba? Ni ma haka na ce. Na faɗa da lallashi, na faɗa da hawaye. Ya ce hannun da yake tsarki da shi ba zai kai mishi tuwo baki ba. Na aika anka roƙi liman ya shigo. Liman ya zauna ya yi mishi bayani a natse, ya ce lalura ce, Allah bai ɗora wa rai abin da ba ta iyawa, ya ci da hagu babu laifi ko ƙwayar gero. Maigida ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah gafarta malam, kunnena ya ji, zuciyata ta yarda. Maƙogwaron ne bai yarda ba." Kuma gaskiya ya faɗa. Na ga ya gwada, lomar ta kai baki, ya yi ta juya ta, ta ƙi wucewa.

Na sa anka sassaƙa mishi ludayi mai dogon mariƙi. Da shi yake shan kunu da fura, in an rufe ƙofa. Na ce in ba shi tuwo a baki, ya dube ni ya ce, "Yaye za ki sake yi?" Mutumin da ke tashi da malmala uku ya koma rabin ƙwaryar kunu. Ina ganin yana ƙara jan mazagin wando. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sunka fara mutuwa, ya ce kamar tururuwa ke yawo a ciki. Ga zogi. Don zogin nan ya shiga sayen ƙwayoyi wurin masu talla a faranti, ja da fari da rawaya, yana haɗiya cikinsa babu komai. In na yi magana ya ce, "Ke kike jin ciwon ko ni?"

Wata hantsi ina wanke tukunya, ya fito zai ɗebi ruwa a randa. Na ga ya dafa bango. Sai ya yi amai, baƙi ƙirin, kamar jinin da ya kwana. Ya sulale ƙasa a hankali, idonsa a buɗe yana kallona.

Ɗiyarmu ta fari tana aure a Gwadangaji, cikin Birnin Kebbi. Maƙwabta sunka kira ta a waya, ta ce kada a tsaya komai, a sa shi mota. A hanya kansa na bisa cinyata, ina jin numfashinsa kamar na tsuntsu. Ban ga fadama ba, ban ga gari ba. Bakinsa kawai nake kallo, ya bushe ya yi fari.

A asibiti cikinsa sunka fara bi. Sunka ce ƙwayoyin ne sunka ƙwaƙule shi, ga yunwa. Anka ƙara mishi jini, mijin ɗiyarmu ya bayar. Sai da ya iya zama da kansa sannan anka ɗauki hoton hannun, anka kai mu wurin likitan ƙashi.

Likitan ya ɗaga hoton ga haske, ya yi magana yadda za mu gane. Ya ce, "Baba, ka san farin guringuntsin da ke kan ƙashin kaza, mai santsi? Kowace gaɓa tana da irinsa. Naka aiki ya cinye shi, ƙashi na gugar ƙashi. Da ƙashin ya ji guga sai ya yi tsiro a gefe, gaba da baya, kamar an sa wa ƙofa dutse. Ga kuma ɓarɓashi da ya karye yana yawo a ciki, shi ke sarƙe ka. Gaɓarka ba ta goce ba. Ɗaurin da anka yi ne ya sa naman da ke kewaye ya ƙanƙance." Ya ce abin da ya cinye ba ya dawowa. Ƙwayar zogi cikinsa ba ya ɗauka yanzu. Allura a gaɓa tana kwantar da zogi na ɗan lokaci, amma ba ta ɗauke dutse daga bayan ƙofa. Abin da ya rage shi ne a buɗe, a kankare tsiron, a kwashe ɓarɓashin, a saki jijiyar da ta matse har yatsu sunka mutu.

Maigida bai tambayi birgi ba. Ya ce, "Zai kai baki?"

Likita ya ce, "Ina sa rai. Amma rabin aikin ne nawa. Rabin na gida ne, kuma ya fi nawa zafi."

Ƙanensa ya iso daga Gulma da yamma, ya ji, ya ce sam. Ya ce ƙashi ba a buɗe mishi iska, ya san wanda anka yanka a gwiwa bai ƙara takawa ba. Ya juyo gare ni, ya ce, "Matar yaya, ke ce za ki hana. In hannun ya mutu gaba ɗaya fa?" Ni ma tsoron na cikina. Maigida na kwance yana kallon rufi. Can ya ce, "Hannun da bai ciyar da mai shi, da rai gare shi?" Washegari ya dangwala yatsa a takardar yarda da aikin.

Ranar aikin munka zauna a baranda ni da ɗiyata, ga ta da tsohon ciki. Duk ƙofar da ta motsa sai mu ɗaga kai. Da anka fito da shi yana barci, hannu a naɗe da farin ƙyalle, wata ma'aikaciya ta nuna mana 'yar kwalba. Ɓarɓashin ne a ciki, farare, kamar tsakin shinkafa, ɗaya ya kai ƙwayar gujiya. Na ce a raina, ashe kai ne.

Na ɗauka an gama. Ashe yanzu anka fara.

Ko zare ba a cire ba, sai ga wata mata mai gashin ƙashi, doguwa, ba ta da yawan dariya. Ta kama hannun da anka yanka ta fara naɗe shi. Na miƙe tsaye na ce, "Ɗiyata, ɗanye ne fa." Ta ce, "Inna, don ɗanye ne nake taɓa shi. Gwiwar hannu ba ta son zama. In anka bar ta ta huta, nama zai kama a inda ya tsaya, kuma aikin likita ya tafi banza." Ta ce za mu riƙa zuwa wurinta, amma a gida sai an yi bayan kowace salla. Ta tambayi wa zai yi.

Ɗiyarmu ta fari ce, ko sunanta ba mu faɗi, balle ta kama hannun babanta ta murɗa, ga kuma ciki. Mijinta suruki ne, ko ido ba su haɗawa da maigida. 'Ya'yanmu maza na can bakin gulbi da iyalinsu. Matar ta dube ni. Ta kama hannuwana ta ɗora, ɗaya a damtse, ɗaya a wuyan hannu. Ta ce in tura a hankali har in ji ya tsaya, sannan in ƙara kaɗan bayan tsayawar, in riƙe tsawon karatun Fatiha. Ta ce, "Zai ce ki bari. Fuskarsa za ta ce ki bari. In kin ga kumburi ya ƙaru ko ruwa na fita, ki bari ki zo. In ba haka ba, kada ki bari."

Munka tare a ɗakin baƙi na gidan ɗiyarmu a Gwadangaji. Ni da tunda anka kai ni gidansa ban taɓa ɗaga mishi murya ba, ga ni durƙushe gabansa sau biyar a yini ina ba shi azaba. In na tura, jijiyar wuyansa ta tashi, ya kafe ido a bango. Ina karanta Fatiha, ina jin kamar ba ta taɓa yin tsawo haka ba. Wani lokaci ya ce, "Ke, sauri kike ko karatu?" In na saki ya juya mini baya. In fita bayan ɗaki in share ido, in dawo in ɗora ruwa.

Ana haka ƙanensa ya zo dubiya, bayan La'asar, ba mu ji sallamarsa ba. Abin da ya ji daga tsakar gida nishi ne, irin wanda bai taɓa ji daga bakin yayansa ba ko ranar ɗori. Ya ɗaga labule ya gan ni na danne hannun. Ya ce, "Matar yaya, sake shi."

Ban saki ba, ban kai ƙarshen Fatiha ba.

Ya ce, "Na ce ki sake shi. An yanka mutum, ɗinki bai warke ba, kina murɗa shi kamar wanki? Wa ya taɓa ganin an yi wa ciwo haka? Yaya, tashi mu tafi gida. In naɗe maka shi ya huta, in ya warke a yi maganar motsi."

Na ce amin, na saki. Na san in maigida ya ce to, babu mai hana su, kuma in anka sake ɗaure hannun nan, ya tafi ke nan. Na san kuma ya gaji. Na ga ya dubi ƙofa, ya dubi takalmansa.

Sannan ya ce, "Kai, zo nan. Zauna bayana."

Ƙanen ya tsaya.

"Na ce zauna. In ta tura, kafaɗata na gudu baya, ƙarfinta bai isa ba. Riƙe mini ita. Kai ka riƙe ni ranar da anka ɗaure, yau ma kai za ka riƙe."

Ya zauna. Ya sa hannu biyu ya dafe kafaɗar. Na tura. Ina karatu ina jin numfashin mutum biyu, kuma na ƙanen ya fi ƙarfi. Da munka gama ya tashi ya fita bai yi sallama ba. Na ce shi ke nan, mun rabu. Washegari da Magariba sai ga shi ya dawo da tabarmarsa a hammata. Ya bar shinkafarsa hannun 'ya'yansa, ya zauna tare da mu.

Hannu ya riƙa tasowa kaɗan-kaɗan. Ya wuce ƙirji. Ya kai wuyan riga. Babban yatsa ya taɓa ƙarshen gemu. A nan ya tsaya.

Ya tsaya, ya ƙi gaba. Kwana da kwanaki muna turawa, gemu dai, gemu dai. Mai gashin ƙashi ta auna, ta ce lokacin da nama ke sauraron mutum yana da iyaka, kuma mun kusa gefensa. Ta ce wani a nan yake tsayawa, kada mu ga laifin kowa. Maigida ya koma cin rabin abin da yake ci. Ya ce da ni, "In iyakarsa ke nan, ki daina wahal da kanki." Na ce, "Ba ta ce a daina ba." Ya ce, "Ke da ita wa ke aurena?" Na ce, "Miƙo hannun, Malam."

Ranar wata Juma'a ce, bayan an sauko. Tabon ya riga ya warke, na gasa gwiwar da tsumma mai ɗumi, na murza man kaɗanya tun daga damtse har yatsu, don fatar na tsattsagewa. Ƙanen ya dafe kafaɗa. Na tura, ya tsaya a gemu kamar kullum. Na ƙara. Na fara karatu. Ina tsakiya na ji wani abu ya ba da hanya a ƙarƙashin tafina, ba ƙara, ba komai, kamar ƙullin zane ya sassauta. Tsoro ya kama ni, na ce na karya shi. Na ɗaga ido.

Babban yatsansa na kan leɓensa na ƙasa.

Na ƙarasa Fatiha don ban san abin da zan yi ba in ba ita ba. Na janye hannuna a hankali. Hannunsa ya ɗan koma, sai ya sunkuyo kaɗan, kaɗan ƙwarai, irin sunkuyon da kowa ke yi, ya sake kai shi da kansa. Ya lasa. Ya ɓata fuska, ya ce, "Wanga man naki ɗaci gare shi. Babu wani abu a gidan nan sai shi?"

Ƙanen ya kifa goshinsa a bayan yayansa, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na tashi na nufi madafa. Sauran tuwon shinkafar rana na samu, da miyar kuka ta huce. Ban tsaya ɗumamawa ba.

To, ga yadda kowa ya ƙare.

Maigida ya koma Argungu, ya koma cikin maza. Hannun bai ƙara miƙewa sosai ba, kuma in hadari ya haɗu yana yi mishi zogi, sai a gasa. Yatsu biyun nan, ɗaya ya farfaɗo, ƙaramin bai dawo duka ba. Birgi bai ƙara tashi daga hannunsa ba. Ya koma gyaran taru a inuwa, yana yi wa masu jifa gyaran tsayuwa ko ba su tambaye shi ba. Ya yi shekaru a haka, har ya ga yayen jikokinsa da dama, sannan zazzaɓi ya ɗauke shi a wata damina. Allah ya jiƙansa.

Ƙanensa na nan a Gulma, ya tsufa, gwiwar ƙafa ta fara yi mishi irin wannan kuka. Da kansa ya hau mota ya tafi Birnin Kebbi, bai gaya wa kowa ba sai da ya dawo. Taubashin ya riga maigida tafiya. Maigida ne ya tsaya a kan wankansa. Mai ɗori ya ci gaba da haɗa karaya, kuma da jikana ya faɗo daga mangwaro, asibiti munka fara zuwa, shi kuma ya zo dubiya munka gaisa. Mai gashin ƙashi an ce an mai da ta wani gari, ban ƙara ganinta ba. Ɗiyata ta sauka lafiya tun muna gidanta, ta samu mace, yanzu yarinyar ce ke kai ni masallacin Idi.

Ni kuma ga ni. Na bar banda, hayaƙi ya ci mini ido. Matan unguwa in an sallamo nasu daga asibiti da hannu ko ƙafa, anka ce a riƙa motsawa a gida, wani lokaci su kan aiko in zo in zauna kusa. Ba na taɓa kowa, ba ni da wannan ilimi. Zama kawai nake yi kusa da mai turawar, don na san ita ce ba a tambaya ko ta ci abinci.